Biyar da Biyar

Wata huɗu ke nan da Auta ta nuna wa Babban Injiniya ɓarakar. Manhajar da kamfaninsu ya yi wa wani asibiti tana da tiriga, ɗan umarnin da ke tashi da kansa duk sa'ad da aka canza wani abu a rumbun bayanai. Abu biyu ake miƙa masa: OLD, abin da ke rubuce kafin canji, da NEW, abin da ya maye gurbinsa. Amma su ba sa rubuta SQL, harshen da rumbun ke ji, da hannu. Aljebra suke tsarawa, wata manhaja ta juya musu. Ita kuwa mai juyawar ba ta san OLD ba. In ta gan shi, sai ta koma rumbun ta sake karantowa, alhali an riga an canza, sai ta ɗauko sabon a madadin tsohon.

"Ke dai akwai neman magana," in ji shi a lokacin. "Abu yana tafiya, wa ya yi kuka?"

Yanzu an yi kukan, a gidansu. Yayarta nas ce a asibitin. Ta rantse adadin magani hamsin likita ya rubuta a manhajar, hamsin ta ba majinyacin, har aka kwashe shi ranga-ranga. Likita ya ce biyar ya rubuta. Kwamitin bincike ya buɗe tarihin canje-canje: tsohon adadi biyar, sabo biyar. Aka sallami Yaya.

Auta ta dire kwamfutarta a teburin Babban Injiniya, kusa da kofin shayinsa.

"Yallaɓai, wa ke canza biyar ya mai da ita biyar? An taɓa layin nan. Rubuta musu cewa tarihinmu ƙarya yake yi."

Ya gyara gilashi. "Ƙanwata, kina so in kai kaina mahauta? Kwantiraginmu saura wata biyu a sabunta."

"Yayata fa?"

"Allah ya ba ta wani aikin. Gyara abin, zan sa hannu."

Layi uku ne gyaran. Kafin shayinsa ya huce ta gama. Ta gwada: hamsin, biyar, kowanne a gurbinsa. Amma tsohon adadin ranar nan ya tafi, babu inda aka ajiye shi.

Da ta koma gida ta tarar da Yaya tana goge farar rigar aikinta.

"Autarmu, kin samo hamsin ɗin?"

"Na gyara, Yaya."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Yaya ta ninke rigar, ta sa a ƙasan akwati.