Rabon Kogure a Kayan Mamaci

Ranar da Mogi Haruyoshi ya cika kwana arba'in da tara da rasuwa, bayan malamin haikali ya gama karatunsa an ci an sha, matar mamacin, Fumie, ta fito da kayan da za a raba wa 'yan'uwa da abokai don tunawa. Ƙanensa ya samu agogo. Wani maƙwabci ya samu almakashin gyaran itatuwa, wani kuma sandar kamun kifi. Haka dai ake yi a ko'ina: ɗan ƙaramin abu ne, ba a ko naɗe shi a takarda, a miƙo maka ka karɓa da hannu biyu ka sunkuya. Ba a cewa a'a. Kai shi kasuwa kuwa sai wanda ba shi da ta ido.

Da aka zo kan Kogure Terumasa, abokin mamacin tun suna makarantar sakandare, sai Fumie ta turo masa makullin mota a kan tabarma.

Duk garin Shimonita babu wanda bai san motar nan ba. Ja ce, mai ƙofa biyu, cikinta kamar ya taɓa ƙasa, in ta tashi sai karnukan unguwa sun amsa. Mogi ya saye ta ta-hannu tun yana saurayi, ya tsufa da ita. An yi shekarun da dariya ake masa, ana cewa ko mai sayen tsohon ƙarfe sai an biya shi kafin ya ɗauke ta. Sai ga duniya ta juya. Amurka ta fara karɓar irin waɗannan motoci da zarar sun cika shekara ashirin da biyar, yaran can suka haukace a kansu, kuɗinta ya yi ta hawa har ya wuce na wasu gidajen garin. Ai ko ranar jana'iza sai da wani dillali ya zo da baƙar kwat da fuskar jimami, ya ƙona turare, ya ajiye katinsa kusa da kuɗin ta'aziyya. Tir da wannan sana'a.

Fumie ta ce ita dai ba ta san wanda ya fi Kogure cancanta ba, tunda babu Lahadin da shi da mijinta ba su hau dutsen Myogi a cikinta ba. Ƙanen mamacin ya dubi agogon da ke hannunsa, ya dubi makullin, ya kau da kai. Kogure kuwa kuka ya kece masa, kukan tsohon da ba ya iya kuka, kafaɗunsa sai rawa suke. Ya karɓa da hannu biyu, goshinsa har tabarma. A ransa ji ya yi an mayar masa da rabin abokinsa.

Matarsa Sachiyo tana zaune a bayansa. Ita ma ta sunkuya.

Kogure ba mai hali ba ne. Ɗaure albasa yake yi a rumbun ƙungiyar manoma, lokacin sanyi aiki ya yi yawa, lokacin zafi ya yi ƙasa. Gidansu na gado ne, na katako, banɗakinsa a bayan gida, sanyinsa da hunturu sai wanda ya shiga. Sachiyo ta daɗe tana tara abin da za a gyara shi, saboda gwiwarta ta fara ƙin tsallaka bakin kwarmin wankan, kuma sau ɗaya ta taɓa zamewa a ciki. Ba ta roƙon komai a duniya ban da wannan banɗakin. 'Yarsu da ke aure a Takasaki ma ta sha cewa uwar ta koma wurinta, gidanta akwai ɗumi, Sachiyo tana cewa wa zai dafa wa Baba. Haka take kiran mijin tun da suka haihu.

Motar ba ta yi wata a gidan ba ta fara cin abincinta. Da farko rumfa: ba a barin irinta a fili, ɓarayi na yawo da babbar mota suna ɗauke su kamar 'yan kaji, kafin gari ya waye an farfasa an zuba a kwantena. Aka gina mata ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Aka sayo sarƙar taya da makullin sitiyari. Masu inshora suka zo suka zagaya ta suna yaba kyanta, sannan cikin ladabi suka ce in dai sata ce su ba ruwansu, sai dai ya biya abin da ko faɗarsa bai iya yi wa Sachiyo ba. Watan biyar takardar haraji ta iso, da ƙarin da ake ɗora wa tsofaffin motoci, wai don sun tsufa. Kai, a ƙasar nan tsufa ma laifi ne da ake biya wa tara.

Sai gyara. Wata 'yar roba ta tsage a gefen gilashi, robar da a da ko kuɗin kwanon taliya ba ta kai ba. Bakanike ya ce an daina yin ta, sai dai a yi gwanjonta a intanet da wasu mahaukata daga ƙasashe goma. Lagireto ya fara ɗiga. Kuloci ya fara kuka. Duk abin da aka taɓa sai na kusa da shi ya ce shi ma yana nan. Kuɗin banɗaki ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, Kogure yana cewa aro ne, zai mayar in albasa ta yi kuɗi.

Abin takaicin ma, bai more ta ba. In ya fito da ita, sai ya ga wata mota a madubi ya ce binsa ake a gane gidansa. In ya tsaya shan shayi sai samari su kewaye ta da wayoyi suna ɗaukar hoto, shi kuma ya shiga fargaba don lambar motar ta fito a hoto. A wurin aiki an sa masa suna Attajiri. Abokan ɗaurin albasa su ce, Teru-chan, yau kai za ka saya mana giya, mai gida a kan taya. Ya yi dariyar yaƙe, alhali abincin ranarsa ya koma dunƙulen shinkafa da gishiri. Daga ƙarshe Lahadinsa ta zama ya buɗe ƙofar ƙarfe, ya tayar da injin ya ɗan yi ɗumi, ya zauna a kujerar da ba ta direba ba, inda ya saba zama, ya kashe ya fito.

Sachiyo ta yi haƙuri har binciken lafiyar mota na shekara bibbiyu ya matso. Bakanike ya duba ƙarƙashinta ya ce tsatsa ta ci wani wuri, ba za ta wuce ba sai an yi walda an canza abubuwa, ya faɗi kuɗin. Daidai da abin da ya rage na banɗaki ne, har da ɗan ƙari. Da safe tana zuba masa miya ta yi maganar, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Baba, ni ba zan sake yin hunturu a banɗakin nan ba. In ka kai motar nan bincike, zan koma Takasaki. Ba yaji zan yi ba, zama zan yi."

Ya ce ta san ba a sayar da kayan mamaci, da wane ido zai dubi mutanen gari, da wane ido zai dubi hoton abokinsa Haru. Ta ce ba ta ce ya sayar ba, ta faɗa masa inda za ta kwana ne kawai.

Kwana biyu yana juya abin, sai dabara ta faɗo masa, har ya ji haushin kansa da bai gano ta tun da wuri ba. Fumie fa? Ga ta can da furfurarta tana tsaye a kantin gari tana jera kaya a kanta, don Mogi bai bar mata komai ba sai gida mai yoyo. Ai motar nan haƙƙinta ce. In ya mayar mata, ko ta ba shi izini da bakinta ya sayar ya kawo mata kuɗin duka, wa zai ce ya ci amana? Ita ta huta, shi ya huta, Sachiyo ta zauna. Ya faɗa wa matarsa, ta dube shi ta ce to, ya je ya gwada.

Ranar hutun Fumie ya wanke motar ya tafi, da kwalin alewar wake a hannu. Ya ƙona turare gaban hoton abokinsa, ya kaɗa 'yar ƙararrawa, suka zauna ta zuba shayi. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi marigayi, ya yabi motar, sannan ya shigo da maganar: kyautar ta fi ƙarfinsa, wataƙila lokacin ba ta san darajarta ba, yanzu kuɗinta zai riƙe ta har ƙarshen rayuwarta, ba sai ta yi ta tsayuwa a kanti ba.

Fumie ta bari ya gama tsaf. Ta gyara zaman kofinta.

"Na san kuɗinta, Kogure-san. Katin dillalai cike da aljihun teburin can. Na fi ka sanin kuɗinta, na kuma fi ka sanin abin da take ci."

Ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai ba da labarin wani. Ta ce shekara talatin motar nan tana cin abinci a gidanta kafin kowa ya ci. Ɗansu ya so karatun jami'a, shekarar ce injin ya mutu, aka zaɓi inji, yaron ya tafi Osaka bai ko zo addu'ar ubansa ba. Ranar da aka kwantar da mahaifiyarta a asibiti Lahadi ce, ta kira ta kira, mijin da Kogure suna kan dutse. Ta ce tana jin ƙarar hon ɗin Kogure har yanzu, yadda yake tsayawa a ƙofar gida da babur ɗinsa yana kiran Haru, Haru, gari ya yi kyau, ko sau ɗaya bai taɓa tambayar me ita ta shirya yi da ranar ba.

Kogure ya ce bai sani ba. Ta ce e, ta yarda bai sani ba, shi ya sa.

"Kuɗinta ba zai shiga cikina ba, gara in mutu a kantin nan. Na kuma ƙi ta tafi wurin wani yaro a ƙasar waje ya ji daɗinta. So nake ta zauna a gidan wanda ya fi kowa sonta, ta ci a can." Ta tura masa farantin alewar da ya kawo. "Kayan mamaci ba a mayarwa, ba a sayarwa, ka fi ni sani. Addu'ar cika shekara ta kusa. Ka zo da ita, dangi za su so su ga yadda kake kula da ita."

Ta raka shi har bakin ƙofa, ta sunkuya sunkuyon da ya dace, ta tsaya har ya tayar.

A hanya ya yi tunanin kiran dillali kawai, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Ya hango kansa a wurin addu'a cikin motar haya, ƙanen Mogi yana tambaya ina jar motar take, ya hango rumbun albasa an yi shiru da ya shigo. Shekara sittin yana garin nan, a nan za a ƙona gawarsa yadda aka saba. Ya san ba zai iya ba. Baƙin ciki ya cika shi, ga haushin Fumie, ga haushin Haru da ya mutu ya bar shi, ga kunyar da ta fi su duka ciwo, don matar nan ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba.

Sachiyo ba ta buƙaci bayani ba. Tun daga kan gada ta jiyo salansar motar, ta san da ya rabu da ita da ƙafa zai dawo. Kafin ya kashe injin ta fito da akwatinta, wanda ashe a shirye yake. Ta ce masa akwai dafaffen kabewa a firji, ranar Talata ake kwashe sharar ƙonawa, maganin hawan jininsa yana kan talabijin.

Ya ce ta bari ya kai ta tasha, ko wannan dai ya yi mata. Ta ce to. Ya buɗe but ɗin motar ya cusa akwatin, ya ƙi shiga. Ya juya shi ta gefe, ya ƙi. Ya kwantar da kujera ya gwada turawa baya, ƙofar ta yi masa kaɗan, ga shi yana tsoron ya karce fenti. Ta ga yadda yake kare fentin da tafin hannunsa.

"Bar shi, Baba," ta ce. "Ko wannan ba ta iyawa."

Ta karɓi akwatinta ta ja shi a hankali zuwa inda bas ke tsayawa, tana ɗingisa ƙafar hagu. Kogure ya bi ta da kallo, yana so ya bi ta ya riƙe mata, amma motar tana waje, a buɗe, a bakin titi. Sai da ya shigar da ita ya ɗaura sarƙa ya kulle ƙofar ƙarfen tukuna. Ko da ya isa, bas ɗin ta tafi.