Sanda a Kujerar Fasinja

Alhaji Sanda mutumin Yawuri ne, a bakin kogi aka haife shi, amma ruwan gishiri ne ya cinye masa ƙuruciya. Aikinsa shigo da manyan jiragen ruwa tashar Dubai. Jirgi zai iso daga wata uwa duniya, a kai masa Sanda a ƙaramin jirgi, ya hau tsanin igiya, ya tsaya kusa da kyaftin yana faɗa masa inda zai karkata har a ɗaure jirgin lafiya. Da ya yi ritaya bai koma gida ba, domin 'yarsa Muhsinat tana aikin asibiti a nan, jikoki ma a nan suke. Sai ya sayi ɗan jirgi mai tafiya da iska, irin mai dogon ƙarfe a tsakiya da farin ƙyalle, ya mayar da shi ɗakinsa na biyu.

Matarsa Hajiya Hadijatu sau ɗaya ta taɓa shiga jirgin nan. Ba a yi nisa da gaɓa ba cikinta ya juya, da aka dawo da ita ta ce ita da teku sai kallo daga nesa. Ta ci gaba da harkarta, tana saro atamfa da jakunkuna a kasuwar Naif tana tura wa mutanenta Kano, shi kuma yana can kan ruwa.

Jiri ne ya raba shi da jirgin. Ya fara kama shi jefi-jefi, har ranar da ya miƙe zai ja igiya ya ga sama ta koma ƙasa. Likita ya ce matsalar a cikin kunne take, za ta lafa da magani, amma ruwa mai kaɗawa ya haramta gare shi, doguwar tuƙin mota ma ya dakata tukuna. Sanda ya sayar da jirgin ga wani abokin aikinsa na dā, ya dawo gida ya zauna. Zaman nan bai yi wa kowa daɗi ba. Ya kwance famfon kicin da lafiyarsa ƙalau, ya sake tsara kwanukan Hajiya yadda ita kanta ta kasa gane inda tukunyarta take.

Wata Asabar ta ce masa, "Alhaji, saka hularka ka raka ni. Akwai abin da nake so ka duba mini."

Suka hau tasi zuwa Dubai Investments Park, unguwar masana'antu da rumbunan ajiya, inda take kai kayan kargo. A bayan rumbun da take hulɗa da shi akwai wani fili, a nan ta nuna masa wata farar mota mai tsayi, gida guda a kan taya. Mai ita zai bar ƙasar, yana neman mai saye.

Sanda ya shiga yana tura baki, amma bai jima ba ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashin kujera. Ga tankin ruwan sha, ga na ruwan wanke-wanke, ga batir da ke cin hasken rana daga rufi. Kowace durowa tana da ɗan makulli don kada ta buɗe a tafiya. Teburin cin abinci yana naɗewa ya zama gado. Ya buɗe wannan, ya ƙwanƙwasa wancan, yana tambayar mai motar abubuwan da shi kansa bai taɓa tunaninsu ba.

"Hajiya, wannan ai jirgi ne aka sa wa taya," ya ce. Sai kuma fuskarsa ta sauya. "To amma wa zai tuƙa?"

"Ni mana."

Ya dube ta. Ya san tana da lasisi, ya san tana fita da motarta kullum. Amma sai a lokacin ya lura cewa tsawon zamansu bai taɓa zama a gefenta tana tuƙi ba. In dai tare suka fita, makulli yana hannunsa tun daga bakin ƙofa.

Suka sayi motar. Da sanyi ya shigo suka ɗauki hanyar Hatta, wani gari a cikin duwatsu, bayan ta yi kwanaki tana saba hannu da motar a titunan rumbuna. Muhsinat ta cika musu firij, ta ce, "Abba, don Allah kar ka dami Umma da umarni." Ya ce shi fasinja ne, bakinsa alekum.

Da farko ƙafarsa ta yi ta taka birkin da babu shi. Daga baya ya saki jiki ya koma kallon matarsa kamar baƙuwa. Ashe magana take yi da manyan motoci: "Yalla, maza, bawan Allah, wuce ka ba mu wuri." Ashe tun kafin direban gabanta ya karkata ta san zai karkata, daga yadda yake lallaɓa gefen layi. In za ta sha kwana sai ta ɗan ciji leɓe. Ya tambaye ta a ina ta koyi karanta hanya haka, ta yi dariya ta ce wanda ya saba kutsawa lungunan kasuwar Deira da mota cike da kaya, babban titi hutu ne a wurinsa.

Rairayin gefen hanya ya koma ja, daga nan duwatsu suka fara tasowa. Sanda ya san duwatsun nan, amma daga teku, inda suke zama wani shuɗin layi can ƙarshen ido. Bai taɓa zaton cewa a kusa launinsu na ƙonanniyar tukunya ba ne, ko cewa akwai awaki a kansu. Ya manna fuska da gilashi yana tambayar abin da suke ci a wurin da ko ciyawa ba ya gani.

Sun nufi filin da masu irin motarsu ke yada zango kusa da madatsar ruwa, sai taswirar waya ta karkatar da su wata 'yar hanya tsakanin gonakin dabino. Hanyar ta yi ta tsukewa, katangar dutse a dama, ƙaramar magudanar ruwa a hagu, har suka iske reshen dabino ya sunkuyo daidai rufin motar. Gaba ba ta yiwuwa, wurin juyawa kuma babu.

"Sai da baya," in ji Hadijatu. "Sauka ka duba mini."

Sanda ya sauka da ƙarfinsa, yau ga aikin da ya iya. Ya tsaya a bayan motar ya fara ba da umarni irin na tasha, da Turancin jirgi, yana ambaton digiri, yana juya hannu sama. Motar ta motsa, tayar baya ta nufi magudana. Ya ƙwala ihu, ta taka birki, ta leƙo ta taga.

"Baban Muhsinat, ni ba kyaftin ba ce. Ka tsaya inda zan gan ka a madubi, ka ce dama ko hagu, da Hausa. Khalas, shi ke nan."

Ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya gane gaskiyarta: inda ya tsaya ko hularsa ba ta gani. Ya matsa gefe. "Hagu kaɗan. Shwaiya, shwaiya, a hankali. Miƙe. Ya isa, dama yanzu." Sannu a hankali motar ta riƙa ja da baya, ita tana kallonsa a madubi, shi yana kallon taya, har suka fito wani fili a ƙofar wata gona. Gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin gari, kuma rabon da ya ji daɗi irin wannan tun yana aiki.

Ashe suna da ɗan kallo. Mai gonar ne, wani dattijo Balarabe mai suna Mu'awiya, yana zaune a kan katanga da sandarsa. Ya tafa musu, ya ce an sha shiga lungun nan da manyan motoci, amma yawanci sai an bar madubi ɗaya a jikin katangarsa. Ya ce su kwana a filin in suna so, ya aika aka kawo gahawa da dabino.

Sanda yana kurɓar gahawa amma idonsa na kan magudanar. Faɗinta bai wuce kamu biyu ba, ruwan garau, yana gudu ba inji ba famfo. Da Larabcinsa na tasha ya tambayi dattijon daga ina ruwan yake zuwa. Mu'awiya ya nuna dutse da sanda, ya ce sunan irin wannan magudana falaj, kakanni ne suka haƙa ta daga cikin dutsen, kowace gona kuma da lokacin da ake sakar mata ruwa. Sanda ya jera tambayoyi: wa ke raba lokacin, me ake yi in an yi fari, ta yaya mutanen dā suka san akwai ruwa a cikin busasshen dutse? Dattijon ya amsa wasu, wasu ya ce shi ma haka ya tarar.

Da safe bayan sun karya, Sanda ya ari sanda ya ce zai bi ruwan ya ga mafarinsa. Hadijatu ta ɗaura takalmin tafiya ta ce ba za ta bar mai jiri ya hau dutse shi kaɗai ba. Suka bi gefen magudanar, ta cikin dabino da lemun tsami, suna hutawa in numfashi ya yi sama. A wani wuri ta shige ƙarƙashin ƙasa, suka yi ta dube-dube har Hadijatu ta jiyo ƙararta a bayan wani dutse. Daga ƙarshe suka iso wani ɗan rami mai duhu a gindin tsauni, inda ruwan ke fitowa shiru, da 'yan ƙananan kifaye suna wasa a bakinsa.

Sanda ya durƙusa ya ɗiba da tafin hannu ya sha, ya ɗibo mata ita ma. Ya leƙa ramin har kafaɗa bai ga ƙarshensa ba.

"Kifin nan fa, ta ina suka shigo?" ya ce.

"Ka tambayi abokinka in mun sauka."

Mu'awiya bai san ta inda kifin suka shigo ba, amma ya ce akwai wani ƙauye a gaba, can wajen iyakar ƙasa, da falaj ɗinsu ya fi wannan tsufa, har mutum yana iya shiga cikinsa a sunkuye. Sanda ya sa shi ya maimaita sunan ƙauyen har ya zauna masa, sannan ya juya wajen matarsa.

"Na ji," ta ce, tana kakkaɓe ƙurar takalminta. "Za mu je. Amma duk lungun da za mu shiga, sai ka fara sauka ka taka shi da ƙafa ka dawo ka faɗa mini."

Ya amince. Suka kira Muhsinat suka ce kada ta sa ran ganinsu ranar Lahadi kamar yadda suka shirya, Hadijatu ta tayar da mota, shi kuma ya zagaya yana duba ko kowace durowa a kulle take.