Kwana Biyar a Bakin Burtali

"Safi, ɗaga mini ƙafar nan," in ji Malam Hamidu. "Ita ce ta ƙi hawa."

Matar tasa ta ɗora ƙafar a kan amalanke tana hawaye. "Malam, likita cewa ya yi kada ka motsa!"

"Likita ba shi da wake a gona."

Zara'u maƙwabciyarsu tana riƙe da igiyar jaki, kunya kamar ta nutse, don waken nata ne. Tun rasuwar mijinta ita kaɗai ke noman gonar da ke bakin burtali, hanyar da dabbobi ke bi. Wannan waken ne cimar gidanta har wata damina, ga shi bai gama bushewa ba. Makiyaya kuwa sun sauko tun saura sati biyu a saki gonaki, 'yan bindiga sun koro su daga makiyayarsu. Dabbobi na kukan yunwa a bayan gari, maza a cikin gari suna wasa adduna.

Shekara talatin Malam Hamidu ne ke ɗaukar goro da ganyen shayi ya tafi zangon makiyaya, a zauna a tsai da ranar shiga gonaki, ba a taɓa zub da jini ba. Sai wata porje, wato ƙungiyar ba da tallafi, ta zo ta kafa kwamitin zaman lafiya, da shugaba da sakatare da hatimi, har da allo mai fenti a gaban lakwal, makarantar boko. Sharaɗin shiga kwamitin ɗaya ne, sai mai karanta Faransanci. Aka ba tsoho hular hana salla mai tambarin porje, Gazali shugaban kwamiti ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, ka huta, yanzu komai da tsari."

To, ga tsarin. Da safe Zara'u ta je gidan Gazali, aka ce yana Maraɗi wajen taron ƙara wa juna sani. Nura sakatare ya ce ba ya iya rubuta wa makiyaya komai babu hatimi, hatimin kuma yana cikin jakar shugaba. Ta dawo tana kuka a gindin danga, ashe marar lafiya yana jin ta.

Da suka isa zango, Alhassan babban makiyayan ya taso, ya ɗan sauke rawani daga bakinsa, ya daɗe yana duban abokinsa.

"Hamidu, haka ka koma?"

"Haka Allah ya so. Kwana biyat nike roƙo."

"Shanu ukku muka bari a hanya. Kwana biyu dai."

"Biyat. Macce ce, ita ɗai, da ɗiya huɗu."

Alhassan ya dubi Zara'u, ya dubi shanunsa da haƙarƙari a waje. "Da takarda aka aiko, da na ce ban iya karatu ba. Amma kai ne ka taso a haka."

Malam Hamidu ya miƙa masa sandarsa. Alhassan ya karɓa, ya taka har bakin gonar, ya kafa ta a jikin shingen aguwa. "Babu kofaton da zai wuce nan sai rana ta shidda."

A rana ta uku da la'asar, Zara'u na duƙe tana roron wake ta jiyo kururuwar Safi daga cikin gari. Ta gane Malam Hamidu ya cika. Ta yi salati, amma hannunta bai tsaya ba sai da kwandon ya cika, kuma ta ji haushin kanta ƙwarai. Kwanakin da ya roƙo mata da sauran numfashinsa ne, ba ta da ikon zubar da ko rabin yini.

Washegari Gazali ya dawo a kan babur, da sabuwar jaka a kafaɗa. Ya yi gaisuwa a wajen zaman makoki, ya ga Alhassan ya zo shi ma, sai ya fito da waya ya ce a matso a ɗauki hoto, don a nuna wa porje yadda kwamiti ya kashe wutar rikici bana. Zara'u tana jin su ta bayan danga, ta cije leɓe har ya yi jini.

"Baɗi wa za mu nema?" in ji Alhassan.

"Ai akwai ofishin kwamiti, Baba." Gazali ya yage takarda ya rubuta masa lambar waya. Alhassan ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ajiye a kan tabarma ya tashi.

Rana ta shida da hantsi Zara'u ta ɗaure buhun ƙarshe. Ta nufi sandar za ta cire ta kai wa Safi, sai Alhassan ya ɗaga mata hannu daga nesa.

"Bar ta nan, ɗiyata."

Ta bari. Ya yi kira ɗaya, garke ya kwararo cikin gonar da ƙura da ƙarar ƙaho. Zara'u ta tsaya da buhu a ka tana kallo. Duk saniyar da ta iso wajen sandar sai ta ɗan kauce, ta wuce ta gefe.