Tsagar da Aka Goge wa Jadda

Sai da mutum biyu suka kama firam ɗin kafin ya fito daga bayan shagon. Muhibba ta dube shi sama da ƙasa, ta ce a ranta ko ƙofar banɗakinsu ba ta kai shi faɗi ba.

Aikin yayanta ne, Zainulabideen, wanda tun da ya samu kujera mai juyawa a wani ofis a Ulaya ya koma Ustaz Zain. Yau bayan la'asar dangin yarinyar da yake nema za su zo shan gahawa, shi kuwa ya rantse ba za su tarar da bango tsirara ba. Ya samo wani masanin nasaba a intanet, cikin kwana huɗu mutumin ya tono musu kakanni goma sha tara, har zuwa kan wani sharifi a birnin Fas. Aka zana su a bishiya mai ruwan zinari, aka aiko nan ƙasar Makka, kasuwar Dira, a sa gilashi. Muhibba dai aji shida ta tsaya, sauran karatun a waya ta yi abinta, amma ta san tarihin gidansu daga mutum ɗaya ya fara, kuma ga ta nan a kujerar roba tana fifita da kwali.

Jadda Delou ke nan, kakarsu. Tana 'yar shekara shida ko bakwai sanƙarau ya ɗauke mata uwa da uba a mako guda. Dangi suka haɗa ta da wata gwaggo mai zuwa hajji, suka yi tafiyar mota, suka yi ta ƙafa, suka hau jirgin ruwa daga Sudan. Kwana uku da sauka Jidda gwaggon ta rasu, ta tafi da sunan garinsu a bakinta. Wata mai tuyar ƙosai ce ta riƙe Delou har ta aurar da ita. Abin da ta iya tunawa da gida bai wuce hayaƙi ba, da wani mutum mai yawan dariya da wuƙa a ƙugu. Shekara saba'in tana tare alhazai da tambaya. Kowa ya ga tsagar kumatunta sai ya ce Bagobira ce, to amma Gobir ba gida ɗaya ba ce. Bara ta daina tambaya, kuma wannan shirun ya fi komai damun Muhibba.

A gindin bishiyar zinarin aka manna hoton Jadda. Fuska sumul kamar tangaran. Yaya Zain ya sa mai hoto ya gyara ta, mai hoton kuwa bai bar ko layi ɗaya ba.

Jadda ta matso da tabarau ta daɗe tana kallo. "Wace ce wannan?"

"Ke ce, ƙawata," in ji Muhibba.

"Ma sha Allah. Allah ya ba ta miji nagari."

Wanda ya yanka gilashin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya kasa riƙe dariya. Ya gaishe su da Hausar Maraɗi, ya ce sunansa Saidou. Ya dubi hoton, ya dubi mai hoton, ya ce ai wannan ba gyara ba ne, adireshi aka share. Shi ɗan wanzamai ne, shekara goma yana ɗaukar wa mahaifinsa zabira kafin ya zo ƙasar nan ya koma yankan gilashi.

"Inna, ki yi mini aikin gafara, ki ɗan juya hagu."

Jadda ta juya tana mitar yau kuma ta zama kayan kallo. Saidou bai tsaya kan kumatu ba. Wani ɗan gajeren tabo ya nuna a ƙarƙashin kunne, wanda duk gidan aka san faɗuwa ta yi a jirgin ruwa. Ya ce babu jirgin da ke yanka da kyau haka, aska ce, kuma hannun bahago. Wanzamin da ya koya wa babansa aiki bahago ne, a wani ƙauye Tsamiyar Bawa kusa da Tibiri, kuma wannan 'yar alamar 'ya'yan gida ɗaya kawai yake yi wa, gidan mahautan garin.

Muhibba ta ji kwalin fifita ya tsaya.

Yayar Saidou, Mariamou, a ƙauyen take aure. Ya kira ta da bidiyo, aka yi ta gudu da waya zuwa gidan mahautan, ana ganin sama, ana ganin ƙafafu, ana ganin akuya. Can sai ga fuskar wata tsohuwa ta cika wayar, da ɗan tabonta a ƙarƙashin kunne. Saidou bai gama bayani ba ta katse shi.

"Delou ta Makka?"

Ashe 'yar baffanta ce. Ta ce a gidansu har yau duk wanda zai tafi hajji sai an yi masa sallahu, in ya ga Delou ya ce mata ana nan ana jira. Yara ma sun ɗauka addu'ar tafiya ce. Sunan mahaifin Delou Almustafa, Almu ake ce masa, kuma har daga Tibiri ake zuwa sayen tsirensa.

Jadda ta maimaita sunan sau uku a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Muhibba kuwa sai yanzu ta gane dalilin da ya sa duk layya babu mai taɓa wuƙa sai Jadda ta zauna.

Ana cikin haka Yaya Zain ya kira, wai ko an gama, yalla, lokaci na tafiya. Muhibba ta ce an gama, har an samo kaka na ashirin, kuma shi wannan na gaske ne.

"Malami ne?"

"Mahauci."

Ta gyara tsayuwa tana jiran lacca. Sai ta ji muryarsa ta da, ta lokacin da Jadda ke goya shi zuwa asibiti.

"Ta yi kuka?"

"Ta kusa cinye kwalin tishun mutane."

"Yaya sunansa?"

Ta faɗa masa. Ya ce a rubuta a saman hoton Jadda, da manyan baƙi, sauran kuma a san yadda za a yi da su.

Saidou ya kwance bayan firam ɗin ya zaro takardar. Jadda ta laluba jakarta ta ciro fensirin kwalli, ta sunkuya kan fuskar tangaran ɗin tana mayar da layukanta ɗaya bayan ɗaya, tana shafa kumatunta don kada ta yi kuskure. Na ƙarƙashin kunne ta bari ƙarshe. Muhibba ta tambaye ta sharifan nan goma sha tara fa, a yanke su?

Jadda ba ta ɗago ba.

"Bar su. Baƙi ne, tun daga Fas suke tafe. Su sha gahawa tukuna."