Mutum Biyar a Falon Anti Mubaraka

"Assalamu alaikum, masu gida!"

Mun ci minti shida da daƙiƙa goma muna ɗaukar bidiyo a lokacin. Ina riƙe da waya hannu bibbiyu, kafaɗuna sun fara tsami, Anti Mubaraka kuma tana tsaye a kan farin salatef ɗin da muka manna mata a kafet, tana ta zuba Turanci kamar ba ita ba. Na ga idonta ya kai bakin ƙofa. Na girgiza mata kai, na zaro ido, na yi mata duk alamar da fuska za ta iya yi.

"Wa alaikumus salam," in ji ta. "Rabi'a, shigo mana. Ya yaran?"

Falon ya fashe da dariya. Ni kam kamar in yi kuka.

"Haba Anti! Saura fa minti ɗaya!"

"To ya zan yi, Su'ad? A yi min sallama a gidana in yi shiru? Malamar kwalejin ce za ta tsaya min ranar lahira?"

Anti Rabi'a, wadda kula kawai ta zo mayarwa, ta tsaya rungume da ita tana kallon kujeru biyar da aka jera kamar a ɗakin jiran likita. Da aka yi mata bayani ta hau ba da haƙuri, ta ce ta bar mota a kan layi, ta fice tana dariya.

Gidanmu da na Anti Mubaraka bango ɗaya ne ya raba su, a wani layi da ke bayan kasuwar Longsight a birnin Manchester. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu, da muka zo daga Kano, nake jin tarinta da rediyonta ta wannan bangon. 'Yar Nguru ce, doguwa, mai wushirya, shekararta hamsin da tara. Kafin Manchester sun zauna a jihar Ohio ta Amurka ita da mijinta, a can ta shiga wata kwalejin unguwa tana karatun shekara biyu kan renon ƙananan yara. Darussan renon duk ta cinye su. Waɗanda ta yi ta kauce wa su ne na dole, waɗanda kowane ɗalibi sai ya yi ko me yake karanta. Ana cikin haka mijin ya samu aiki a nan, suka tattara a tsakiyar zango. Shekara ashirin da biyu takardar tana jiran ta.

Bayan rasuwarsa ne ta rubuta musu. Suka ce makinta na nan, ta ƙarasa sauran ta intanet. Ta buga jerin darussan ta manna a jikin firij: rubutun Turanci kashi biyu, lissafi, kimiyya, tarihi, sai jawabi a gaban jama'a. Kowanne da ɗan akwatinsa a gefe. Ni na riƙa karanta mata rubutunta ina gyara waƙafi, ina cusa mata manyan kalmomin da na tsinto a littattafai, ita kuma tana cire su. Lissafi sau biyu ta yi kafin ta haye. Na kimiyya kuwa kayan gwaji aka aiko mata a kwali, na shigo wata rana na tarar da ita sanye da tabarau na roba a kicin, tana auna ruwan kabeji a gefen tukunyar miya.

'Yarta Zuhra, da ke aikin harhaɗa magani a Birmingham, ba ta taɓa ganin amfanin abin ba. Na sha jin su a waya.

"Mama, babu wanda zai ba ki aiki a UK da wannan certificate ɗin."

"Na ce miki aiki nake nema? Abu na fara, ina so in gama."

Akwati biyar sun samu jan biro. Saura na jawabi. Dokar malamar kuwa ba ta da sassauci: jawabin koyar da wani abu, minti bakwai, a ɗauke shi a bidiyo a tashi ɗaya, ba yankewa ba gyara, kuma a nuna manya biyar suna zaune suna sauraro, a farko da kuma ƙarshe. Wanda ta tura a watan jiya an dawo mata da shi, saboda mutum huɗu ne suka fito. An ba ta dama ta ƙarshe zuwa ranar Lahadi. Wannan yammacin kuwa Asabar ce.

Shi ya sa ta tara mu. Ummata, da mata biyu 'yan ajinsu na islamiyya, da Prosper, direban bas ɗan Kafanchan da ke gidan da ke kallon namu, da matarsa. Ni ce mai ɗauka. Abin da ta zaɓa ta koyar shi ne haɗa turaren wuta, irin na kakarta. Ɗaukar farko ƙararrawar hayaƙi ce ta ɓata ta, sai da Prosper ya hau kujera ya danne ta muka buɗe taga. Ta biyu sallamar Anti Rabi'a.

"Maman Zuhra," Prosper ya ce yana duba agogo, "shift ɗina ƙarfe biyar ne. In kika sake amsa wata gaisuwa, sai dai ki biyo ni bas ki yi wa fasinjoji."

"Kai dai zauna ka gyara wuya. Kuma ka daina gyangyaɗi, ana ganin ka."

"Ni? Jinjina kai nake yi!"

Ta yi dariya, sai dai dariyar ta tsaya mata a ƙirji. Ta dafa tebur. Na ga gumi ya tsatsafo mata a goshi alhali taga a buɗe take, iskar Nuwamba na shigowa.

"Hajiya, zauna ki sha ruwa," in ji Umma. "Fuskarki ta canza."

"Hayaƙin ne, da yajin da na ci jiya da dare. Tun safe ƙirjina ke min zafi." Ta kurɓi ruwan a tsaye, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta mai ruwan zuma. "Su'ad, je ki sa wa ƙofar nan sakata. Kuma ki ji ni da kyau: ko gidan nan zai kama da wuta kada ki tsayar, kada ki juyo da wayar nan sai kin ƙirga su biyar."

Na sa sakata. Na nuna fuskoki biyar. Na juyo kanta.

Na karanta littattafai da yawa da ake kwatanta mace a lokacin da ta fi kowane lokaci kyau, kuma kullum budurwa ce. Ni dai a ranar na ga nawa. Ta ɗaga kwalbar da itacen ƙamshi ya kwana arba'in a jiƙe cikin turare, ta nuna yadda ake narka sukari har ya yi kalar ƙasa ba tare da ya ƙone ba, ta ce kakarta ba ta taɓa aunawa da cokali ba, da hanci take aunawa. Turancinta na Ohio da Nguru da Longsight ya haɗu ya zama nata ita kaɗai. Ba ta kalli katin da ke hannunta ba ko sau ɗaya. A ƙarshe ta ɗebi turaren da yatsu uku ta zuba a kan garwashin kasko, hayaƙi ya miƙe siriri, ta ce a garinsu ba a sallamar baƙo sai ƙamshin gidan ya kama rigarsa.

"Thank you," ta ce. Minti bakwai da daƙiƙa huɗu.

Suka hau tafi. Na juya wayar a hankali kamar yadda doka ta ce. Umma, ɗaya. Matar Prosper, biyu. Ina kan ta uku na ji wani abu ya faɗi a gefena, ƙarar kasko a kan ƙafar tebur, sannan wata ƙara mai nauyi.

A cikin gilashin wayar na ga tafin ya tsaya. Na ga bakin Umma ya buɗe. Na ga matar Prosper ta ɗora hannu a ka. Ni kuma ban juya ba. Wallahi ban juya ba. Hannuna ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, huɗu, biyar, har ya kai kan Prosper daidai lokacin da ya zabura daga kujera. Daga baya na duba, daƙiƙa tara ne. Ban san inda hankalina ya tafi ba a cikin daƙiƙa taran nan, abin da na sani kawai an ce min kada in juyo sai na ƙirga biyar.

"Innalillahi! Hajiya! Hajiya!"

Tana kwance a gefe ɗaya, ƙafarta ɗaya har yanzu a kan salatef. Garwashi ya zube yana cin kafet, ɗaya daga cikin matan ta juye masa ruwan kofin. Prosper ya durƙusa yana danna mata ƙirji yana ƙirgawa da ƙarfi, an koya musu a wurin aiki. Umma ta tallafe kanta tana maimaita mata kalmar shahada a kunne. Ni na kira motar asibiti da wayar da ta gama ɗaukar ta, na kasa tuna lambar gidan da na shekara goma sha biyu ina shiga. Da suka iso suka yi ta bugun ƙofa, sai a lokacin na tuna da sakatar da na sa.

Sun yi iya yinsu a falon, sun ƙara a asibiti. Bayan magariba likita ya fito ya ce zuciya ce.

Zuhra ta iso daga Birmingham da rigar aikinta a jiki. Ba ta yi kuka ba. Ta dinga tambayar kowa abu ɗaya: "Amma jiya na yi magana da ita. She was fine. Me ya faru?" Aka ce ba za a ba da gawa ba sai an gama bincike, tunda mutuwar farat ɗaya ce, don haka jana'iza sai Talata.

Ranar Lahadi da hantsi gidan ya cika da masu gaisuwa. An kwashe kujerun nan biyar an shimfiɗa tabarmi, wata ta ja darduma ta rufe ƙunar kafet. Na samu Zuhra a kicin ita kaɗai, tana tsaye a gaban firij.

"Anti Zuhra, akwai bidiyon," na ce. "Yau ne ranar ƙarshe."

Ta juyo ta kalle ni kamar na zage ta.

"Mamata tana cikin firij ɗin asibiti, ke kina min maganar deadline?"

"Ki yi haƙuri."

"Wannan shirmen ne ya kashe ta. Tun safe ƙirjinta ke ciwo, an gaya min. Da likitanta ta kira, da sashen gaggawa na asibiti ta tafi. Ta tsaya tana yi wa Amurkawa turare." Ta nuna wayar da ke hannuna. "Goge shi."

Na miƙa mata wayar. Ban iya gogewa ba, ban kuma iya hana ta ba. Ta karɓa, yatsanta yana kan hoton, sai fuskar mahaifiyarta ta motsa, muryar ta cika kicin. Zuhra ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina da injin wanki. Ta kalla tun daga farko. Wajen maganar awo da hanci ta yi wata 'yar dariya da ta zama kuka. Da aka zo kan tafi na ce ta tsayar, ta ƙi. Ta kalli fuskokin nan biyar suna canzawa ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ki juya ba," ta ce.

"Ta ce kada in juyo sai na ƙirga su." Hawaye suka hana ni ƙarasawa. "Da na juya da wuri..."

"Likita ya ce ko a gabansa ta faɗi." Ta share fuska da bayan hannu. Ta sake duban wayar. "Za a iya yanke ƙarshen?"

"In aka yanke ba za su karɓa ba. Kuma sai an ga biyar ɗin."

"Sun fito duka?"

"Duka."

Ta miƙe. Kwamfutar Anti tana kan teburin kicin, kalmar sirrin kuma tana rubuce a ƙasan takardar firij da hannunta. Zuhra ta rubuta wa malamar layi huɗu, ta faɗi ko ita wace ce da abin da ya faru, ta gargaɗe ta game da daƙiƙun ƙarshe, ta ce ba su taɓa komai a ciki ba. Muka tsaya mu biyu muna kallon shuɗin layin tura bidiyon yana tafiya a hankali, daga falo ana ta "Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta," har ya kai ƙarshe.

Amsa ta zo bayan kwana tara, an riga an yi sadakar bakwai. Malamar ta ce ta kalla sau ɗaya, ba za ta iya sake kallonsa ba, kuma jawabin ya cika kowane sharaɗi. Ta ce ta miƙa sunan ga hukumar kwalejin, za a aiko da takardar shaidar da sunan Anti.

Zuhra ta kira ni ta bango, da ƙwanƙwasa uku irin na mahaifiyarta. Na tarar ta fara haɗa kaya a kwalaye. Ta nuna min saƙon, sannan ta buɗe durowar cokula ta lalubo jan biron. Sai da ta goga shi a tafin hannunta kafin ya kawo. Ta cika akwati na shida a takardar firij, ta mayar da murfin.

A falo an naɗe tabarmi da darduma. Salatef ɗin yana nan a kafet, gefensa ɗaya ya ɗan ɗago, kusa da baƙin tabon garwashi. Na tsugunna zan ɓare shi, Zuhra ta ce in bar shi tukuna. Da na koma gida Umma ta kama bakin mayafina ta kai hanci, ta riƙe shi.