Shanun da Suka Daina Kuka

Tun safiyar da jami'an shige da fice suka kwashe mazan da ke aiki a gonar shanun, har da mijinta Anselmo, Herminia ba ta ɗaga labulen ɗakinta ba. Ita ma ba ta da takardun zama a Amurka. Ta tsira ne don sun zo tana cikin rumbun ciyawa.

Jiya shanun sun yini suna kuka. Yau kuwa tsit.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali.

“Herminia, Lyle ne,” in ji mai gonar, cikin Sifaniyancinsa mai ɗingishi. “Shanu sun ƙi shiga wurin tatsa. Hantsa ta cika, za su kamu da ciwo.”

“Maigida, ba ka ɗauki 'yan ƙasarku ba?”

“Na ɗauka. Biyu sun gudu kafin karin kumallo, wai wari. Saura Dwayne.”

“In ya gan ni fa? Waya ɗaya ga jami'an ta ishe shi.”

Lyle ya ce, “In shanun nan suka lalace, ni da ke duk ba mu da wurin kwana.”

Ta zura takalman robar Anselmo, ta bi shi.

Shanun suna tsaye cikin taɓo, babu mai tuƙa, babu mai kaɗa jela. Dukkansu sun juya wa wurin tatsa baya, sun zuba wa titi ido, ta inda motar jami'an ta bi. Dwayne, wani ƙato mai furfura a gemu, yana zaune kan bokiti, kashin shanu har gwiwa.

“A'a, tsoho, ashe ka ɓoye wata!” in ji shi yana dariya. “Ina aka samo ta?”

“Rufe mana baki, ragon banza,” in ji Lyle.

Anselmo bai taɓa kora shanu da sanda ba. Fito yake musu irin na makiyayan garinsu a Guatemala, dogo, mai karyewa a ƙarshe. Herminia ta jiƙa leɓe ta gwada. Abin da ya fita daga bakinta sak nasa ne.

Kawunan shanun suka juyo a tare. Ba su nufi ƙofar wurin tatsa ba, ita suka nufo. Suka kewaye ta, suna shinshinar takalman, numfashinsu da ɗumi a wuyanta. Da ta taka, suka biyo ta.

A bakin ƙofa ta waiga. Dwayne ya kara waya a kunne, idonsa a kanta.

“Da matata nake magana, 'yar'uwa,” ya ce. “Na gaya mata na bar aikin nan.”

Bai sauke wayar ba.

Herminia ta dubi gonar masara, inda mutum zai shige ya ɓace. Saniyar farko ta riga ta shiga ta tsaya, madara na ɗiga ƙasa. Ta sauka ramin da masu tatsa ke tsayawa, inda ba a hango titi, sai ƙafafun shanu, ta kama hantsar da hannu biyu.