Alhamis Ɗin Maiƙo

Ranar Alhamis ɗin Maiƙo ce, ranar cin fanke, kwana shida kafin azumin Ista, garin Mielec na ƙasar Poland ya wayi gari da ƙanƙara mai ruwa-ruwa, irin wadda ba ta taruwa sai dai ta jiƙa wa mutum safa.

Tun ƙarfe shida Bronek yake bakin tukunyar shafi, injin da shagonsu ke yi wa haƙoran yankan ƙarfe rufi mai tauri da shi. Shekara uku ya yi yana neman hawan shafin da zai yi daidai: shimfiɗa mai tauri, sai mai ɗan sauƙi a kanta, sai mai tauri kuma, har dubu ɗaya da ɗari biyu, duka kaurinsu bai kai na gashin gira ba. Idan tsaga ta taso daga bakin haƙorin yankan ƙarfe, a iyakar shimfiɗa biyu take gajiya ta mutu. Yanzu masana'antar kayan jirgin sama ta aiko da haƙora arba'in na gwaji. In sun fi na Jamus daɗewa, aiki ya samu. In ba haka ba, mai shagon ya riga ya faɗa: da Ista zai rufe, su bakwai kowa ya kama gabansa.

An wanke haƙoran sau huɗu, an busar. Yana shirin jera su sai ga Lucyna mai kula da wanki, rungume da kwalin pączki, fanken ranar, suna ta ƙyallin mai.

"Pan Bronek, ɗauki ɗaya."

"Fita min da man nan daga nan, Pani Lucyna."

"Ji tsoho! Bara ma ka ƙi ci, me ka gani? Matarka ta koma wajen 'yar'uwarta, motarka ta mutu a kan gada."

"Motar dama gawa ce."

"To ita matar fa? Wanda bai ci ba yau, shekararsa babu sa'a. Kai kaɗai za ka ja mana tsiya mu bakwai?"

Ya dubi haƙoran, ya dubi kwalin. Shekararsa sittin da ɗaya, bai yarda da camfi ba, amma yau tsoro yake ji. Ya fita bakin ƙofa, ya tuɓe safar hannu, ya cinye ɗaya a tsaye. Ya goge hannu da takarda. Famfo yana can ƙarshen baranda, tukunya kuwa tana jira. Ya zaro sabuwar safa ya saka, yana jan yatsunta ɗaya bayan ɗaya don ta zauna.

Ya jera arba'in ɗin, ya rufe tukunyar, ya zuƙe iskar cikinta. Bayan awa shida suka fito shuɗi-shuɗi da sheƙi, Lucyna har da tafi.

Ran Litinin ya tsaya bayan gilashin inji a masana'antar, hularsa a hannu. Haƙorin farko ya shiga ƙarfe lafiya. Minti huɗu, sautin ya canja, ya koma kuka. Na biyu minti shida. Na Jamus kuwa yakan yi awa guda.

Injiniya Sowa, matar da ke kula da gwajin, ta sa haƙorin a ƙarƙashin madubin ƙara girma ta matsa masa ya duba.

Shimfiɗun ba su tsage ba. Suna nan a jere yadda ya tsara su, sai dai sun ɓare gaba ɗaya daga jikin ƙarfen, kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Wurin da ya ɓare ɗin kuma zagaye ne, daidai faɗin babban yatsa.

"Wani ya taɓa su da maiƙo kafin shafi," in ji ta. "Ranar yaushe kuka yi?"

"Alhamis."

Ta buɗe baki za ta yi dariya, ta ga fuskarsa ta fasa.

"Pani injiniya, hawan daidai yake, kin gani da idonki. Ki ba ni haƙora goma kawai in sake."

"Na gani, Pan Bronek. Amma takardar gwaji minti nawa haƙori ya yi take tambaya, kuma yau da rana ake sa hannu."

Ya dawo a bas. Lucyna na tsaye bakin shago, ta karanta fuskarsa tun daga nesa.

"Wankina ne?"

"Wankinki lafiya lau."

"To mene ne?"

Ya ɗaga mata babban yatsansa. Ta daɗe tana kallo kafin ta gane, ta dafe baki.

"Sa'a nake nema maka, Bronek."

"Na sani. Ni ne ban je famfo ba. Taku ashirin ne kawai zuwa can."

Da Ista aka rufe. Wasu 'yan Slovakia suka sayi tukunyar, ba su ko tambayi littafin da ya rubuta lissafin hawan a ciki ba. Yana nan a aljihun tebur a kicin ɗinsa. Haƙora arba'in suka tafi, da shekara uku, da tukunya ɗaya, da aikin mutum bakwai.